Yadda zaka kafa sana'ar tsara harabar gida da lambu a Kaduna, kuma ka ci riba a cikinta

Duk wanda ya zo wajena yace yana son shiga wannan sana'a tamu ta gyaran harabar gida, wato shuka ciyawa da fulawa da itatuwa da shimfiɗa intalok (ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa), abu na farko da nake ce masa shine ya je ya zaga Malali ko Barnawa ko Unguwar Rimi a watan Maris, ba a watan Agusta ba. A Agusta ko'ina kore ne shar, wanda bai iya komai ba ma in ya dasa ciyawa zata kama, ruwan sama ne ke masa aikin. Amma a Maris, bayan hunturu ya gama busar da komai zafin bazara ya shigo, nan zaka ga gidajen da aka kashe musu maƙudan kuɗi ciyawar ta koma kamar tattaka, fulawar sai ƙirare, intalok ɗin ma ya lotsa a inda mota ke tsayawa. Gidan da ka tarar yana nan da kyansa a wannan lokacin, to wanda ya yi aikin ya san sana'a, kuma wallahi irin wannan mutumin baya rasa aiki, maƙwabta ne da kansu zasu riƙa tambayar maigadi wa ya yi muku wannan.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya, ka yi aikin da zai tsallake rani, kuma ka iya lissafin da zai sa kai ma ka tsallake tare da shi.

Kafin ka karɓi aikin kowa

Ka yi ko da damina ɗaya da rani ɗaya a ƙarƙashin wani. Masu sayar da fulawa na gefen titi sun san shuke-shuke sosai, ka zauna da su ka koyi suna da halin kowace, wacce ke son rana wacce ke son inuwa, sannan ka bi masu shimfiɗa intalok ka ga yadda ake daidaita ƙasa. In kana da halin karatu akwai kwalejin gandun daji ta tarayya a Afaka ta wajen Mando. Kayan aikin farko basu da yawa: baro, shebur, diga, fartanya, manjagara, adda, almakashin aske fulawa, tiyo, igiya, da tef na awo mai tsawo. Irin kayan ƙarfen nan ana samunsu a Panteka, kuma can ne zaka samu mai waldan da zai riƙa haɗa maka rumfa da benci nan gaba, don haka ka ƙulla zumunci tun yanzu. Injin yankan ciyawa da injin daddanne ƙasa kada ka yi gaggawar saya, ka yi haya har sai aiki ya nuna maka yana buƙatarsu kullum.

Zuwan farko: ruwa zaka fara tambaya

Alhaji ya kira ka, ka je gida, yana ta nuna maka hoton wani lambu na Dubai ko Ingila a waya yana cewa irin wannan nake so. Ka saurare shi da ladabi har ya gama, sannan kace ranka ya daɗe ina ruwan gidan nan yake fitowa? Bohol ne ko rijiya ko famfon gwamnati ko 'yan garuwa ake saya wa? In bohol ne yana kaiwa watan Afrilu da ƙarfinsa ko yana ja baya? Tankin lita nawa ne, kuma da me ake tura ruwan sama, wutar NEPA ko janareta ko sola? Kada ka tsaya a amsar maigida kaɗai, ka tambayi maigadi ko yaran gida, su ne suka san ranar da tanki ke ƙafewa.

Ga dalilin. Ruwan sama a Kaduna yana farawa wajen Afrilu zuwa Mayu ya ɗauke a Oktoba, kenan kusan wata shida cur lambun nan a hannun tiyo zai rayu. A tsakiyar rani ciyawa na shan wajen lita 5 a kowace murabba'in mita kullum. Fili mai murabba'in mita 100 kenan lita 500 a rana, jarka 20 mai cin lita 25, kullum ta Allah, ban da na wanka da girki da wanki. In ka faɗa wa mutum haka da lamba a gabansa, shi da kansa zai ce to a rage ciyawar.

Ni wannan darasin da kuɗina na saye shi. A farkon shigata na taɓa shimfiɗa ciyawa a kusan rabin harabar wani gida, aikin ya yi kyau ƙwarai a damina har ana ɗaukar hoto, ban tambayi ƙarfin bohol ɗin ba, watan Fabrairu na kamawa ruwan ya koma sai na amfanin gida da ƙyar, ciyawar ta ƙone gaba ɗaya. Maigidan bai zage ni ba, cewa kawai ya yi ai na ɗauka kai ka san aikinka, kuma maganar nan ta fi mini zagi ciwo don gaskiya ya faɗa, hakkina ne in tambaya. Na koma na cire fiye da rabi na zuba tsakuwa na dasa masu jure ƙishi daga aljihuna. Tun daga ranar bana buɗe baki in faɗi farashi sai na ga ruwa da idona.

Bayan ruwa sai ƙasa. Ka tona rami kamar tsawon kamu biyu a wuri biyu ko uku ka gani. Yawancin sabbin gidaje, musamman irin na Millennium City da sauran sabbin unguwanni, abin da ke ƙarƙashi jar ƙasa ce da burji da aka yi ciko da su, ga ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne. Babu abin da zai yi albarka a kan wannan, dole a kwashe a kawo baƙar ƙasa, kuma kuɗin kwashewar da tifar da zata fitar da shi yana cikin lissafinka. Ka cika ramin da ruwa ka dawo washegari, in har ruwan na nan kwance to ƙasar bata tsotsewa, saiwa zata ruɓe a Agusta.

Sai ka duba ina ruwan sama ke bi in an yi. Ina indararo ke zuba, ina kwatar waje take, gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Gidajen da ke kusa da kogin Kaduna, irin na wajen Kigo Road da suka sha ganin ambaliya, maganar magudanar ruwa ce gaba da maganar fulawa. Ka tambaya kuma ina aka binne bututun ruwa da wayar wuta da sokawe, ka sa alama, don diga bata da ido.

Zane, da abin da mutanen gida ke so da gaske

Ka auna komai da tef ka zana a takarda, ko da takardar lissafi ce mai gida-gida, kowane gida ɗaya mita ɗaya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 wajen murabba'in mita 465 ne, mai 100 da 100 wajen 930, ka cire inda gini ya ci sauran shine filin aikinka. In ka iya zane a kwamfuta ya fi jan hankalin kwastoma, amma zanen hannu mai awo daidai ya fi hoton kwamfuta na ƙarya.

Wurin da 'yan sana'armu da yawa ke kuskure shine su tsara gidan Bahaushe kamar ba mutane ne zasu zauna a ciki ba. Ka nemi izini a tambayo maka Hajiya, don ita ce ke wuni a gidan. Ina za a yi shanya? Ina yara zasu yi wasa? Mota nawa ce kuma ta ina take juyawa? Ina ake ɗaure ragon layya, ina ake yanka, in biki ko suna ya tashi ina za a kafa rumfa a ɗora tukwane? Akwai wurin alwala a waje? Ɓangaren mata yana buƙatar shinge da zai kare shi daga idon baƙin maigida? In baka bar wa waɗannan wuri ba, a kan ciyawarka za a yi su, kuma rago ɗaya ya isa ya cinye fulawar wata shida a dare guda. Mutanenmu kuma suna tsoron duhuwa saboda maciji da sauro, kuma suna da gaskiya, don haka kada ka cunkushe jikin taga da bango da shuka mai kauri.

Ni shawarar da nake ba yawancin gidaje ita ce ciyawa kaɗan a inda ido ke fara sauka, intalok a hanyar mota, itatuwan inuwa biyu ko uku a inda ya dace, sauran gefe-gefe a yi kwamin fulawa masu jure rani a rufe ƙasansu da tsakuwa. Sannan a bayan gida in ware wa Hajiya ɗan wuri na zogale da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da lalle da lemun tsami. Sau da yawa wannan ɗan lungun ne ke sa a riƙa tunawa da ban-ruwa, saboda ana tsinka ana sawa a tukunya.

Abin da zaka dasa

A ciyawa, kiri-kiri ita ce mai haƙuri, tana son rana, tana jure taku, ko ta bushe in ta ji ruwa zata farfaɗo. Mai faɗin ganyen nan da ake kira kafet ta fi laushi kuma tana yi a ƙarƙashin inuwa amma ta fi son ruwa. A fulawa, bogambiliya ba ta da na biyu a garin nan, da rani ma take fi yin fure, sai dai tana da ƙaya kada a sa ta a hanyar yara. Yalo bush na shinge, ikzora, moda da alobera duk suna yi. Oliyanda tana da kyau tana jure fari amma guba ce tun daga ganye har fure, bana sa ta a gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi.

Itatuwa kuwa sai an yi hattara don kuskurensu baya fitowa sai bayan shekaru. Dogon yaro, maɗaci, mangwaro, malaina, turare da wannan ambirela da kowa ke so yanzu, duk manya ne masu saiwa mai ƙarfi, ka nisanta su da katanga da tushen gini da sokawe aƙalla mita 5 zuwa 6, in filin bai kai ba ka haƙura ka sa gwaiba ko lemo ko dogayen nan sirara da ake kira maskwaret. Na sha ganin ambirela da aka dasa dab da katanga ta ɗaga intalok ta tsaga bango. Mai gida zai iya matsa maka, ka yi masa bayani, in ya ƙi ka sa ya rubuta cewa shi ya zaɓa.

Aikin gini kafin shuka

Tsarin shine duk abin da ke buƙatar tono da siminti a gama shi kafin ganye ɗaya ya shigo gidan. A fara da share fili da kwashe ɓaraguzai, a fitar da gangara, a binne bututun ban-ruwa da na wayar fitilu, a yi kwata, a kafa dakalin gefe, a shimfiɗa intalok, sannan baƙar ƙasa, sannan itatuwa, fulawa, ciyawa ita ce ƙarshe. Ko maigida yace ba zai sa fitila yanzu ba, ka binne bututu babu komai a ciki a ƙarƙashin hanyar mota, kuɗinsa kaɗan ne, ranar da ya canza ra'ayi ba sai an fasa aiki ba.

Gangara ka ba ta santimita 2 a kowace mita, ta nufi kwata ba jikin gini ba, kenan a tsawon mita 10 bambancin santimita 20 ne. Siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke awo da shi ya isa, ba sai da na'ura ba.

Intalok kuma ba a samansa aikin yake ba, a ƙarƙashinsa yake. A cire ƙasa mai laushi, a zuba burji ko dutsen da aka niƙa kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa a danne da inji sosai, sannan yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 5 a baje shi daidai, a jera, a share yashi mai laushi cikin tsagogin a sake bi da inji. Mai kaurin milimita 60 ya isa gida da ƙananan motoci, inda tankar ruwa ko babbar mota zata shiga kamar makaranta ko gidan mai sai mai 80. Dole gefe ya samu dakali da aka kafa da kankare in ba haka ba jerin zai riƙa buɗewa. Kuma kafin ka saya ka ɗauki guda biyu ka gwara su, mai kyau ƙara yake yi, wanda aka yi wa rowar siminti gefensa zai marmashe a hannunka. Araha bata ado a nan ko kaɗan, sunanka ne za a kira in ya farfashe ba na mai buga shi ba.

Lissafi, inda ake cin riba ko a faɗi

A nan zan daɗe don a nan yawancinmu ke mutuwa. Mutum ya iya aiki, hannunsa na da kyau, amma ya kalli fili da ido ya yanke farashi, a ƙarshe ya gama aikin wata guda ya tarar kuɗin mota kawai ya tsira da shi. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to a wannan sana'ar ido ƙarya yake yi, tef da biro kawai.

Ɗauki misali, fili mai murabba'in mita 200, ka ware 130 na intalok, 50 na ciyawa, 20 na kwamin fulawa. Intalok mai santimita 20 da 10 guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya, kenan 6,500, ka ƙara kashi 5 cikin 100 na fashewa da yanka ya zama 6,825. Baƙar ƙasa kaurin santimita 15 a kan mita 50 ɗin nan kubik mita 7.5 ne, ban da ta fulawa, kuma ka tambayi direban tifa nawa motarsa ke ci don tifa suna da girma daban-daban. Shinge mai tsawon mita 20 in kana dasawa duk santimita 30 zai ci wajen 67, ka saya da rara don wasu zasu mutu. Haka zaka bi komai ɗaya bayan ɗaya: yashi, burji, siminti, dakali, taki, bututu, maganin gara.

Sannan abubuwan da ake mantawa, kuma su ke cinye riba: kuɗin ɗauko kaya da saukewa, hayar inji da mansa, abincin leburori, zirga-zirgarka, katin waya, ruwan da za a saya in na gidan bai isa ba, fitar da shara, ban-ruwan makonnin farko, sauya abin da ya mutu, da la'adar wanda ya haɗa ka da aikin in akwai. Sai ladan kanka. Eh, ka sa wa kanka albashi a lissafin kamar yadda ka sa wa birkila, ladan aikinka daban ribar sana'a daban, wanda ya haɗa su wuri ɗaya ba zai taɓa sayen inji ba.

Wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba. In aiki ya ci maka naira 750,000 kana son ribar kashi 25 cikin 100 na kuɗin da zaka karɓa, ba kashi 25 zaka ɗora a kai ba, raba kuɗin zaka yi da 0.75, farashin ya zama 1,000,000. In ɗorawa ka yi zai tsaya 937,500, ribarka ta koma kashi 20 kacal. Kuma tunda ka san sai an ce maka Malam a rage mana, ka san iyakar da ba zaka sauka ƙasa da ita ba tun daga gida. In aka matsa, kada ka rage kuɗi aikin na nan yadda yake, ka rage aikin, kace to a cire fitilu ko a rage faɗin intalok. Aikin da babu riba a cikinsa barinsa ya fi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin siminti da tifa da sufuri baya zama wuri ɗaya, don haka ka rubuta a takardar cewa wannan farashin na kwana 7 ne ko 14. Kuma kuɗin zane da awo ka riƙa karɓa ko kaɗan ne, kace in an baka aikin za a cire shi a ciki, saboda akwai masu karɓar zanenka su miƙa wa wani ya yi musu da araha.

Yadda ake biya ni haka nake yi: kashi 70 kafin alƙalami don sayen kaya, 20 in an gama gini za a fara shuka, 10 ranar miƙa aiki. Ranar da kuɗin ya shigo ranar nake sayen siminti da intalok. Kada ka taɓa cin kuɗin wannan aikin ka toshe ramin wancan, amana ce, kuma ita ce hanyar da ta fi saurin kai ɗan kwangila ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, me za a yi, nawa ne, yaushe za a gama, wa ke da alhakin ruwa. Ko ɗan'uwanka ne a rubuta, ai addini ma ya ce a rubuta bashi. In ana tsakiyar aiki Hajiya tace a ƙara kaza, kace to Hajiya, ga kuɗinsa, ka tura ta WhatsApp a amsa kafin ka taɓa.

Dashe

Mafi kyawun lokaci daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, ruwa ya zauna, shuka zata samu watanni tana kafa saiwa kafin iskar hunturu. Aikin gini kuma ya fi daɗi da rani, don haka ka tsara shekararka haka, rani na intalok da kwata da rumfa, damina ta shuka. In dole sai an dasa da rani, da yamma ake yi kuma sai ruwa ya tabbata.

Ramin itace santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar a hankali kada ƙasar saiwa ta watse, kada a binne wuyan itacen fiye da yadda yake a leda, a kafa masa sanda. Kashin kaji ɗanye yana ƙone shuka, sai ya daɗe ya ruɓe ya huce, kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyayi da gara, ka sani. In filin na da tofa ko aya-aya ka kashe su tun kafin ka dasa ciyawa, in suka haɗe babu mai raba su. Takin zamani NPK 15:15:15 kaɗan ake sawa bayan shuka ta kama, a bi da ruwa nan take. Maganin feshi kuma ka sayi mai lambar NAFDAC, yaronka ya rufe hanci da hannu, a hana yaran gida fitowa sai ya bushe.

Kula da lambu duk wata, nan ne sana'ar take

Kwangilar gini tana zuwa ta tafi, wani watan uku a jere wani watan shiru. Abin da ke riƙe mutum shine gidajen da yake zuwa dubawa ana biyansa duk wata. Tun ranar da kake faɗin farashi ka saka maganar, kace ina ba da tabbacin sauya duk abin da ya mutu cikin wata uku amma da sharaɗin ni ke kula da shi, bayan nan ga abin da ake biya duk wata. Yankan ciyawa kusan duk mako da damina, da rani a rage kuma kada a aske ta ƙasa sosai, askin shinge, cire ciyayi, taki, duba gara, gyaran bututu. Ka koya wa maigadi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a ba ta ta ƙoshi ba yayyafi sama-sama ba, kuma ka riƙa yi masa ɗan alheri, rayuwar aikinka a hannunsa take kwana shida cikin bakwai.

Ka nemi gidajen su zama kusa da juna. Gida 6 a layi biyu a Unguwar Dosa sun fi maka gida 10 da suka warwatsu daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, saboda mai da cunkoson hanya zasu cinye bambancin.

Da zarar ka fara samun rara, ka buɗe wurin reno naka ko a bayan gida ne in akwai ruwa. Rassan da kake askewa a gidajen mutane kana zubarwa, yalo bush da bogambiliya da ikzora, duk iri ne, a yanka kamar kamu ɗaya a soke a ledar fiya wata da aka huda, a ajiye a inuwa, bayan 'yan watanni sun isa dashe. Abin da da kake saya yanzu kai ke sayarwa, kuma ka san lafiyarsa.

Yara, takardu da manyan ayyuka

Leburori ka biya su a kan lokaci ko kai baka ci ba. Intalok a yi jinga da murabba'in mita amma kai ka tsaya a kan danne ƙasa, don mai jinga sauri yake yi. Ka ja yaro ɗaya ko biyu masu amana ka koya musu har awo da lissafi, ranar da aiki biyu suka haɗu zaka gane amfaninsu.

Talla kuwa, ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa daga wuri ɗaya, da izinin mai gida kuma ba tare da nuna iyalinsa ko lambar gida ba, ka sa a Facebook da Instagram da TikTok. Amma hoton da ya fi kawo mini aiki shine wanda nake komawa in ɗauka a watan Maris in rubuta wata da shekarar da aka dasa. Ka yi abota da masu zanen gini, injiniyoyi, 'yan bohol da dillalan gidaje, su ke fara sanin gidan da aka kusa gamawa.

Ka yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, ka samu lambar haraji, ka daina haɗa kuɗin cefane da na aiki. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal, gidajen mai da rukunin gidaje yawanci ba zasu tura kuɗi asusun mutum ba, kuma in kana musu lissafi ka tambaya tun farko harajin da zasu cire a jikin kuɗinka da maganar harajin kaya da ayyuka, wato VAT, na kashi 7.5, ka san da su kafin ka sa hannu. Duk aikin da zai fita wajen katanga, gyaran gaban gida ko taɓa kwatar titi ko gina wani abu a gefen hanya, a je KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a tambaya tukuna, kuma mai gida ne zai nemi izinin da sunansa.

Aikin gwamnati ana rajistarsa ta hukumar KADPPA mai kula da kwangilolin jiha, kuma tun da aka fara aikin sabunta birane a 2019 an ga yadda shataletale da tsakiyar tituna ke buƙatar masu irin sana'armu. Amma irin wannan aikin, da ma na manyan kamfanoni, sau da yawa sai ka yi da kuɗinka sannan ka jira biya, ciyawa kuma bata jira, kullum sai ta sha ruwa ko an biya ka ko ba a biya ba. Kada ka shiga sai kana da jarin da zai riƙe albashin yaranka da tankar ruwa na aƙalla wata shida ba tare da ka taɓa kuɗin gidajen da kake kula da su ba, kuma ka tabbatar an rubuta a takardar wa zai ci gaba da ban-ruwa daga ranar da ka miƙa aikin.